Bluetooth ya mai da ni maƙaryaci a gaban mai gyara

Tura ta kai bango. Wata huɗu ke nan ina fama da ciwo guda a laftof ɗina: maus da kibod da abin kunne, dukkansu marasa waya, ta Bluetooth suke haɗuwa da laftof ɗin, su yi ta aiki lafiya ƙalau, sai kawai su yi ɗif. Da mutuwa suka yi murus da na huta, in jefar in sayi wasu. Amma ina! Daƙiƙa goma, wani lokaci minti ɗaya, sai su dawo kamar ba su ba. Kullum ta leƙo ta koma.

Sana'ata buga takardu a nan Kano: furojet na ɗalibai, katin biki, takardar neman aiki. Da hannuna nake ci, kuma hannun nan ta kibod da maus yake bi. Ranar da abin ya fi ƙona min rai, wata ɗaliba na tsaye a kaina tana jiran babi na uku, malaminta ya ce ta kai kafin la'asar. Na danna maɓallin gogewa don in cire harafi ɗaya tak, daidai lokacin kibod ya yanke. Kwamfuta ba ta samu labarin na ɗaga yatsa ba, sai ta ɗauka har yanzu ina danne. Ina ji ina gani ta cinye sakin layi guda da rabi, ina ta dukan tebur kamar zan tsayar da ita da hannu. Allah ya taimaka na dawo da rubutun, amma yarinyar ta riga ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ko dai in kai wani wuri?" Shekara tara ina wannan aiki, ba a taɓa faɗa min haka ba.

Abin kunnen kuwa nasa salon daban. Ana cikin taro ta Zoom da wani da ke ba ni aiki daga Kaduna, sai murya ta fara tsinkewa kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi, can in ji shiru, can kuma sautin ya faso ta lasifikar kwamfuta kowa a shago ya ji kuɗin da ake min tayi.

Na ɗauki kwamfuta na kai wa mai gyara. Nan ne asalin ƙorafina. Ya jona ta a caja, ya haɗa maus, ya yi ta wasa da shi a kan benci kusan rabin awa. Ko gezau. Ya dube ni ya ce, "Oga, ai lafiyarta ƙalau." Na rantse, na maya. Sai ya ce to matsalar direba ce, a yi mata fomatin. Dubu takwas. Ban san direban me ba, ni dai na san ba mota na kawo ba, amma na biya. Na dawo na tarar ya share min tsarin kibod ɗin Hausa da nake buga ƙ da ɗ da ɓ da shi, ya share salon rubutun da na tara na katin biki, ya cika min fuskar kwamfuta da wasannin da ban tambaya ba. Kwana biyu ina mayar da kayana. Rana ta uku maus ya yanke.

Na koma. Wannan karon ya ce maus ɗin ne jabu, in sayi mai ɗan tsinken nan da ake soka wa a ramin USB, shi ba ruwansa da Bluetooth. A shagonsa kuma akwai, mana. Na saya. Wannan bai ɗauke gaba ɗaya ba, sai dai kibiyar ta riƙa tafiya tana tuntuɓe, ka nufi nan ta sauka can. Gudun gara, na faɗa gidan zago. Zuwa na uku ma ya gwada, abu ya yi sumul a gabansa, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, anya ba hannunka ba ne?" Wallahi da ba don girma ba, da ranar an ji mu a layin.

Ɗan yayata ne, wanda ke karatun kwamfuta, ya cece ni da shawarar da ba ta ci ko sisi ba. Ya ce, "Kawu, daina kai ta ko'ina. Samu littafi, duk sanda ya yanke ka rubuta ƙarfe nawa, akwai wuta ko babu, me da me ke jone, me ke kan tebur." Na ga kamar raini ne, amma na yi. Sati biyu na cika shafi uku, kuma shafukan nan sun faɗa min abin da mai gyara ya kasa faɗa a zuwa uku.

Abu na farko da ya fito fili: yawancin yankewar bayan an ɗauke wuta ne. Da zarar kwamfuta ta koma kan batir sai ta shiga tsimi, ta fara rage wa wasu sassa abinci, har da na'urar Bluetooth da ramukan USB. Ka ɗan dakata kana karanta takarda, sai ta ɗauka ka gama, ta sa na'urar barci. Ka taɓa maus, sai ta tsaya miƙa kafin ta farka. A cikin Device Manager, wato inda kwamfuta ke jera na'urorinta, idan ka buɗe na'urar Bluetooth, akwai shafin Power Management, da ɗan akwati da aka riga aka yi wa maki, wai an ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tanadin wuta. Ni ban ba kowa izini ba, haka na same ta. A wasu kwamfutocin ma shafin ba ya nan, sai ka bi ta ƙarƙashin Human Interface Devices ka laluɓo maus da kibod ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma USB selective suspend a cikin tsarin wuta, shi ma aikinsa ke nan. Na cire makin, na kashe wancan, rabin ciwon ya tafi. Wanda ya tsara abin nan, da gani a garinsu zama kan batir abu ne na cikin jirgi ko na awa ɗaya a gidan shayi. Mu nan batir shi ne gida, wuta ce baƙuwa.

To ka ga dalilin da ya sa ba ta taɓa yi a gaban mai gyara ba. Abu na farko da yake yi shi ne jona caja a injinsa. Ya kashe alamar ciwon da hannunsa, sannan ya ce min ba ni da ciwo.

Na biyu ya fi ba ni haushi. Ina da ma'ajiya ta waje, had dis ɗin da nake tara aikin mutane, ina soka ta a ramin nan mai shuɗin harshe, wato USB 3.0. Ɗan tsinken sabon maus kuma yana ramin da ke maƙwabtaka da shi, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Ashe USB 3.0 in yana aiki yana fitar da hayaniya da ke faɗawa daidai zangon siginar rediyo na gigahaz 2.4, inda Bluetooth da irin waɗannan tsinkayen ke magana. Ba sabon labari ba ne. Tun 2012 kamfanin Intel ya fitar da takarda ya yi bayanin wannan, har da maganinsa: a nisanta tsinken da ramin da kuma wayar ma'ajiyar. Shekara fiye da goma! Amma har yau ana ƙera kwamfuta a jera ramukan kafaɗa da kafaɗa, a kwalin maus ɗin da na saya babu ko layi ɗaya na gargaɗi, mai sayarwa bai sani ba, mai gyara bai sani ba ko bai damu ya sani ba. Na mayar da tsinken ɗaya gefen, daga baya na sa masa 'yar wayar ƙari ya dawo kusa da maus. Tuntuɓe ya ƙare a take. Maganin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Na uku, cunkoso. Wannan zango na 2.4 kamar titin kasuwa ne ranar jajibirin salla, kowa a nan yake. Wi-Fi na ciki, Bluetooth na ciki, hotsifot ɗin waya na ciki. Shi Bluetooth dabararsa tsalle: yana yawo tsakanin tashoshi 79, yana canzawa sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya don ya kauce wa masu hayaniya. Amma ina zai kauce a jerin shagunanmu, inda kowane mai POS da mai cajin waya da mai buga takarda ke da nasa MiFi, 'yar na'urar nan mai raba intanet? Na duba jerin Wi-Fi a kwamfutata na ƙirga goma sha huɗu. Nawa MiFi ɗin ma a kan tebur yake, jingine da maus. Ƙari a kan haka, a yawancin laftof kati ɗaya ne ke ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, kuma suna raba eriya. Shi ya sa in ina tura babban fayil ko ina kan Zoom abin kunne ke shaƙewa: kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya. Da na koma hotsifot ɗin wayata na sa shi a gigahaz 5, sai aka raba musu ɗaki, rigima ta lafa. Ita kuma muryar da ke komawa kamar ta cikin rijiya da zarar na kunna makirfo, ashe ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake: abin kunnen kan sauka daga layin sauraro mai kyau zuwa layin kiran waya. Wannan ma ba wanda ya gaya min lokacin da ake karɓar kuɗina.

Wai kuma sunan wani sarki aka ba abin, Harald mai laƙabin Bluetooth, wanda ya mulki Denmak a ƙarni na 10, saboda ya haɗa kan mutanensa. Kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikin a 1994, aka kafa ƙungiyar da ke kula da shi a 1998. Sarki ya haɗa ƙasa guda, mai sunansa ya gaza haɗa maus da kwamfutar da ke taku ɗaya, alhali a kwali an rubuta mita goma.

Ban wanke kaina tas ba. Batiran da nake sa wa maus irin na tebur ne masu araha, waɗanda in ka ɗaga ka ji kamar ba komai a ciki, kuma batir in ya yi sanyi yankewa yake jawowa kafin ya mutu. Na koma alkalin. Sannan duk daren duniya ina kashe kwamfuta ina zaton ta huta, ashe akwai wani tsari da ake kira Fast Startup da ke adana halin da take ciki ta tashi da shi da safe, har da matsalar jiya. Restart ne ke wanke ta sosai. To amma ni mai buga takarda ne. Wanda ya kafa allo ya rubuta injiniya a ƙofar shagonsa fa? Tambaya uku kacal zai yi min: kana kan batir ko caja, me ke jone a gefe, ina MiFi ɗinka yake zama. Bai yi ko ɗaya ba. Fomatin kawai, kamar mai maganin da ke ba kowa jiƙo ɗaya, mai ciwon kai da mai karaya.

Har yanzu da saura. In na tura murfin kwamfutar baya sosai, sigina na raguwa, Wi-Fi da Bluetooth duka. Ɗan yayata ya ce wayoyin eriya ta wuyan murfin suke bi su hau saman sikirin, kuma a kwamfuta ta hannu irin tawa, da aka buɗe aka rufe sau dubbai kafin ta iso ƙasar nan, sukan goge ko su saki daga jikin katin. Wannan sai an kwance. Mai gyaran nan ya karɓi kwamfutata sau uku bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba.

Ranar Asabar zan koma shagonsa, amma ba gyara zan kai ba. Zan tafi da had dis ɗina da MiFi da littafin nan mai shafi uku, in mayar da makin da na cire, in zare cajarsa da hannuna, in ja benci in zauna har sai maus ya yanke a kan idonsa. Sannan mu yi maganar dubu takwas ɗina, da kuma maganar hannuna da ya ce shi ne matsalar.