Kapson da ya kayar da Baba a wurin alwala

Wata asuba cikin hunturun bara, Baba ya tsuguna zai yi alwala a tsakar gidanmu na Rijiyar Ɗorowa a Sakkwato, buta a hannu, sai kawai ya kife. Allah ya taƙaita abin, gwiwa ce ta kurje sai leɓe da ya fashe. Kafin gari ya waye a nan Mancesta, inda nake tuƙin motar rarraba kaya shekara tara ke nan, wayata ta yi ƙara har sau shida. Ƙanwata ce tana kuka: "Yaya, ɓarin jiki ne ya kama Baba." Gwaggo kuwa ta riga ta yanke nata hukuncin. Tsufa ne, in ji ta, ai makonni ke nan yana gyangyaɗi a majalisa, ana hira yana bin mutane da ido kamar baƙo.

Na ce ƙanwata ta tattaro duk maganin da ke ƙarƙashin matashinsa ta ɗauko mini hoto. Ga na suga, ga na hawan jini, duk na san su. Sai wani kati da aka yanka da almakashi, ba kwali ba takarda, a bayansa an buga Pregabalin 150mg, wato firegabalin, wani kuma ya ja masa layi biyu da biro. Gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa ɗanɗana dangin wannan kapso.

Shekara 12 ke nan Baba yana fama da ciwon suga. Ƙafa ta fara da tsami, daga baya ta koma zugi. Da dare, ko a sanyin nan na Sakkwato mai fasa dunduniya, sai ya fitar da ƙafafunsa daga bargo, wani lokaci ma ya sa a kawo masa ruwa a roba ya tsoma su. "Awa na taka garwashi," haka yake cewa, "wani sa'in kuma awa kiyashi na yawo cikin hwata." An ce sanyi ne, aka sha jiƙo. An ce wani abu ya taka, aka yi hayaƙi da rubutu. An sha fanadol da diklofenak kamar gyaɗa, ko gezau. Su ma ba laifinsu ba ne, don babu rauni ko kumburin da za su kwantar. Jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa ce suga ya ci, ta koma tana kai rahoton gobara alhali babu wuta. Harshenmu ma bai taimaka ba a nan: da ta jini, da ta nama, da wannan ta saƙo, duk jijiya muke ce musu, shi ya sa in likita ya ce ciwon jijiya sai ka ga majinyaci ya nufi gidan mai tausa. Ƙarshe dai wani abokin sahunsa a masallaci ya nuna masa katin da yake sha, aka aiki jika kemis da katin a hannu, yaron shago ya yanko irinsa. Ɗaya da safe, ɗaya da dare. Ran da zugin ya matsa kuma sai Baba ya ƙara ta uku da rana, a yi ta ta ƙare.

Ni nawa ya faro ne a 2022, da wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mini a layi daga gadon baya zuwa haƙarƙarin dama. Likitar unguwarmu ta ce ƙwayar cutar ƙarambau ce da na yi ina yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru sannan ta farka. Ƙurajen suka warke, raɗaɗin ya ƙi tafiya, ko riga ba na son ta taɓa wurin. Aka rubuta mini gabafentin, ɗan'uwan wancan na Baba. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne jan ƙafar: kapso ɗaya na miligiram 300 da dare kawai, bayan kwanaki a ƙara na safe, bayan wasu kwanakin a ƙara na rana. Na ce a raina mutanen nan rowar magani gare su. Matar da ke ba da maganin, wata dattijuwa 'yar asalin Fakistan, ta tsare ni da tambaya. Kana tuƙi? Kana shan wani abu mai sa barci? An taɓa ce maka ƙodarka na da matsala? Da ta ji tuƙi ne abincina sai ta ajiye biro. Ta ce kada in kama sitiyari sai na ga yadda maganin ya zauna mini, kuma ko na gaji da shi kada in yanke shi rana ɗaya.

Duk da wannan lallaɓawa sai da jikina ya gaya mini. A mako na biyu ina sallar la'asar na rasa ko a raka'a ta biyu nake ko ta huɗu, kuma kwana uku a jere ina yin ƙabli da ba'adi. Kalma takan zo bakina ta ɓace. In na miƙe da sauri sai ɗaki ya juya. Cikin wata huɗu wandunana suka matse ni. Ni ke nan fa, ɗan shekara arba'in mai lafiyayyar ƙoda, wanda aka hau da shi mataki-mataki. To ina ga tsoho ɗan saba'in da ɗoriya?

Takardar cikin kwali, wadda ba ta taɓa isa hannun Baba ba, ta ce ana fara firegabalin da miligiram 150 a yini gaba ɗaya, a raba biyu ko uku, iyakarsa kuma 600. Baba da 300 ya fara, wasu ranakun 450. Shi da gabafentin duk ƙoda ce ke fitar da su daga jiki, kusan yadda suka shiga haka suke fita a fitsari. In ƙoda ta yi rauni, kamar yadda takan yi ga tsohon da ya haɗa suga da hawan jini, sai maganin ya taru a jini. Jiri, yawan barci, gani dishi-dishi, kumburin ƙafa, tafiya da tangaɗi, duk a jere suke a takardar. Mu kuwa da ido muka gan su ɗaya bayan ɗaya, muka sa musu suna tsufa.

Daga nan na tafka tawa wautar. Cikin fushi na ce a kwashe katin a zuba a masai, kada ya ƙara shan ko ɗaya. Ni da aka gargaɗa baki da baki. Kwana biyu tsakani Baba ya daina barci, gumi na karyo masa cikin sanyi, zuciya na tashi, ya kasa zama wuri ɗaya, zugin kuma ya dawo da ƙarfinsa. Gwaggo ta ce to yanzu kam iska ce. Alhali jiki ne ya saba da abu mako shida aka yanke masa kwatsam. Ƙa'ida ita ce a sauka a hankali, aƙalla cikin mako guda, wanda ya daɗe yana sha kuma saukarsa ta fi haka tsawo.

Ƙanena ne ya kai shi wurin wani likita a cikin gari, kuma abin da likitan nan ya yi, ba abin da na Mancesta zai nuna masa. Ya sa aka auna ƙoda, aka tarar ta ja baya. Ya cire wa Baba takalmi ya duba tsakanin yatsu, don ƙafar da ta mutu takan taka ƙaya mai ita bai sani ba. Ya hana shi diklofenak, wanda yake ƙara wa ƙoda wahala. Ya sa aka auna sinadarin B12, domin metfomin, maganin sugan da Baba ya yi shekaru yana sha, yakan rage shi, ƙarancinsa kuma shi kansa yana lalata jijiya. Sannan ya mayar da shi kan firegabalin ɗin dai, amma miligiram 25 da dare, ya ce a dawo bayan mako biyu.

Saboda haka duk wanda ya ce mini ilimin ne babu a Sakkwato, ban yarda ba. Garin da ke da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, ga na ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, ba a rasa wanda ya san awon kapso. Abin da na gani shi ne, a nan Ingila ba yadda za a yi irin wannan magani ya iso hannunka bai biyo ta bakin mutum biyu ba, mai rubutawa da mai miƙawa. A gida kuwa maganin ya fi bayaninsa saurin tafiya. Ganin likita kuɗin kati ne da na gwaji da yini guda a layi, kemis kuma ga shi nan a bakin lungu, har bashi yana bayarwa. A doka mai irin wannan shago ba shi da izinin sayar da maganin da sai likita ya rubuta, amma kowa ya san yadda ake yi.

Akwai kuma namu halin. Muna son magani mai ƙarfi. Wanda ya sa ka jiri shi ne ya yi aiki, wanda ba ka ji komai ba kuwa an cuce ka. Tun da aka saki naira a 2023 magani ya yi tsada, mai saye yana ganin in kuɗinsa zai fita gara ya fita a kan babban lamba. Da ƙanena ya fita neman na 25, sai da ya shiga shago huɗu, kowa na 75 da na 150 yake miƙo masa. Sannan ga kunya. Tsoho zai zauna gaban likita sa'an ɗansa, a tambaye shi yaya jiki, ya ce alhamdu lillahi, ba zai ce yana tangaɗi kamar mashayi ba. Bayanin da babu wanda ke son ji shi ne, waɗannan magunguna ba su cika kashe ciwon gaba ɗaya ba. Wani babban nazari da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2015 ya nuna sai an ba mutum bakwai zuwa takwas firegabalin ko gabafentin kafin a sami ɗaya da maganin kansa ya rage wa ciwo sosai. Shi ya sa ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin nan ƙasar yadda za su ba da magani, ta jera huɗu, da amitiriftilin da duloksetin da waɗannan biyun, in ɗaya bai karɓe ka ba a sauya wani. Da an faɗa wa Baba haka tun farko, da bai ƙara ta ukun nan ba.

Kada wani ya ɗauka nan aljanna ce. Likitocin nan ma sun yi ta rubuta maganin ba ƙaƙƙautawa har sai da aka fara ƙirga gawarwaki, musamman na masu haɗa shi da ƙwayoyi dangin tiramadol da kodin, don haɗin yana danne numfashi. A watan Afrilun 2019 ne aka sa firegabalin da gabafentin cikin magungunan da doka ta tsare, kuma a Disambar shekarar hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan matsalar numfashin. Ganin likita a nan kamar minti goma ne, samun ranar ma sai ka yi da gaske. Na san wani abokin aikina da ya shekara biyar yana karɓar maganin duk wata, ba wanda ya kira shi ya tambaye shi ko har yanzu yana bukatarsa. Da na tambayi yadda zan yi da kapso uku a yini cikin azumin da ke kai awa 16 ko fiye, sai aka yi ta kallona. Likitan Baba kuwa tun kafin a tambaya ya tsara masa na buɗa-baki, don shi ma mai azumi ne. Shi ne kuma ya ƙi ba shi amitiriftilin duk da arharsa, ya ce yana busar da baki, yana riƙe fitsari ga tsofaffin maza, yana rage gumi, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana tafe. Wani abin kuma, lokacin da nake cikin magagi a ɗakina ba wanda ya lura. Baba kuwa gida guda ne ya ga gyangyaɗinsa, fassarar ce kawai muka kuskure.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne kada a yi jifan gafiyar Ɓaidu. Samari sun gano kapson nan yana bugarwa, har da masu kabu-kabu da ke ɗaukar matanmu da 'ya'yanmu. Mun ga yadda aka hana maganin tari mai kodin a 2018, mun ga farautar tiramadol da hukumar NDLEA ke yi. Ina goyon bayan a tsare firegabalin, kada a sayar sai da takardar likita. Amma in aka tsare shi ba a sauƙaƙa hanyar ganin likitan ba, yaron da ke nema don maye zai samu ta bayan fage, tsohuwar da ƙafarta ke ci da wuta a Gidan Igwai ce za ta kwana zaune. Ni a ganina a tilasta wa masu shigo da shi kawo ƙananan awo, a hana yanka kati a raba shi da takardarsa, a kuma buga gargaɗin da Hausa, da boko da ajami, ko da layi huɗu ne: fara da kaɗan, kada ka tuƙa in kana jiri, kada ka haɗa da mai sa barci, kada ka daina rana ɗaya.

Yanzu Baba yana kan miligiram 50 da dare, ƙanwata ta manna takardar awon a jikin ƙofar ɗakinsa. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira shi bayan an sauko.

"Baba, ya ƙafar?"

"Bature, da sauƙi. Ba ta bari ba, amma ina kwana."

Ya koma majalisa, har ya ci gaba da musun siyasar da ya saba. Na tambaye shi abokin sahun nan nasa, ko ya faɗa masa abin da likita ya ce. Ya ce ya faɗa masa, har ya nuna masa sabon katin. Mutumin ya juya shi a hannu, ya karanta lambar, ya miƙo masa abinsa, ya ce, "Alhaji, wanga ai na yara na."