Daren da Falonmu Ya Koma Kasuwar Canji

Laifin karatun akanta ke nan: duk inda aka ga lamba sai a waiwayo a dube ka. Muna zaune a gidan haya a Houston, ni da wani ɗan Damagaram da wani mutumin Zangon Kumasi, sai maƙwabcinmu Ba'amurke ya matsa lallai sai ya koya mana wasan kartar nan na poka, irin wadda ake kira Texas Hold'em. Wai abin kunya ne mutum ya zauna a Texas bai iya ta ba. Muka ce mu fa ba ma caca. Ya ce ba sai an sa ko sisi ba, da silallan roba za a yi, wanda nasa suka fara ƙarewa shi zai wanke tukwane. Ni aka ɗora wa sayen silallan da yanka musu daraja. Har da zuga ni ya yi, ya ce Chris Moneymaker da ya ci babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas a 2003, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi, shi ma akanta ne. Kaina ya kumbura.

A kanti na tarar ana sayar da su cikin akwatin gwangwani mai hannu, akwai mai 300, akwai mai 500. Na ɗaga mai 500 na ji nauyi, don kowane sile giram 11.5 ne, da ƙarfe a cikinsa. Na duba farashi na ji wani nauyin. Na ɗauki mai 300. Farare 100 ne a ciki, sai ja, shuɗi, kore da baƙi, kowanne 50. Babu lamba a jikin ko ɗaya, sai abin da ka ce.

Na zauna da biro da takarda na yi tsari irin wanda na taso da shi, wato na takardun naira: 50, 100, 200, 500, 1000. Fari na ba shi dubu, don ai fari shi ne mai mutunci. Baƙi ya samu hamsin. Lissafina na mutum shida ne. Mutumin Kumasi ya faɗa wa abokansa akwai dafa-duka, muka wayi gari mu goma.

Na raba daidai wa daida, ban zalunci kowa ba. Kowa ya samu fari goma da biyar-biyar na sauran launuka. Maƙwabcinmu ya tambayi nawa ke nan. Na ce 14,250. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin an fara wasa da jari mai wutsiya ba.

Ga wanda bai san wasan ba, kafin a raba wa kowa kartarsa biyu, mutum biyu da ke hagun mai rabawa dole su ajiye wani abu a tsakiya, na farko kaɗan, na biyu ninkinsa, kuma wannan dolen zagayawa take. Maƙwabcin ya ce mu fara da 25 da 50. Aka nemi 25 a teburin sama da ƙasa, babu, don babu naira ashirin da biyar a ƙwaƙwalwata. Muka koma 50 da 100. To a nan kowa ya gane cewa 'yan hamsin-hamsin biyar kacal gare shi, kuma su ne ake buƙata a kowane zagaye.

Ba a yi nisa ba sai ga mutane zaune da tarin farare kamar attajirai, ba mai iya biyan hamsin. Wasa ya tsaya cak. Wannan ya ce "Malam, canja min dubu," wancan ya ce "Wallahi nima babu." Na koma kamar kwandastan bas da ke haɗa fasinja biyu da takarda ɗaya, ya ce su je su sasanta kansu. Na ɗauko littafi na fara rubuta wa ke bin wa. Shi kuma maƙwabcin namu idonsa ya saba da tsarin gidajen caca na Amurka, inda fari dala 1 ne, ja 5, kore 25, baƙi 100. Ya cilla fari uku tsakiya yana hira, a zatonsa ɗan abin taɓawa ne. Na ce, "Yallaɓai, dubu uku ka zuba fa." Ya miƙa hannu zai janye, mutumin Kumasi ya dafe, ya ce abin da ya taɓa ƙasa ya zama na jama'a.

Don a samu sauƙi na shiga kicin na ɗauko kwanon dabino, na shelanta cewa kowane ɗaya hamsin ne. Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci. Can muka ga wani baƙo yana ta lalube gabansa yana cewa an yi masa sata. Ƙwallaye bakwai ne a gefen farantinsa. Aka yi ta gardama ko ƙwallo na da daraja, daga ƙarshe aka yanke masa rabin kuɗi, wanda ya sake dawo da mu kan maganar 25 da babu.

Duk wannan hayaniya ɗan Damagaram bai ce uffan ba. Da an raba karta sai ya leƙa, ya kife ta, ya ce ya janye. Ashe tun da farko ya bi mutane a hankali yana ba su fari yana karɓar baƙaƙe da korayensu, su kuma suna murna sun rabu da tarkace. Da ƙarancin ya yi tsanani sai ya gyara zama, ya jera su a gabansa.

"Yaya, canja min dubu," in ji mutumin Kumasi.

"Ɗari tara zan ba ka."

"Haba! Nan Wapa ce?"

"To je ka nemo a wani wuri."

Babu wani wuri. Kowa sai da ya bi layi, har da ni da na kawo akwatin.

Lokacin da muka tsaya cin abinci ne maƙwabcin ya karɓi bironi ya nuna min yadda suke yi. Ya ce launi huɗu ya isa, kuma in ban da mafi girman, kowane ya ninka na ƙasa da shi sau huɗu ko biyar, don 100 da 200 aiki ɗaya suke yi, ɓarnar launi ce kawai. Launin da ya fi yawa a akwati shi ake ba ƙaramar daraja. Ya rubuta: takwas na 25, takwas na 100, huɗu na 500, bakwai na 1000, jimla 10,000 cif, sile 27 ga kowane mutum. In wasa ya yi nisa, kuɗin dole ya hau, sai a tattara 'yan 25 ɗin a musanya su da manya. Na ninka da goma na ga ana buƙatar 80 na 25 da 80 na 100, ni kuwa launi ɗaya ne kawai ya wuce 50 a akwatina. Ya ce shi ya sa taron mutum goma mai 500 ake saya masa. Na ce ai ni mutum shida na gayyata, na harari mutumin Kumasi, shi kuwa yana ta loma.

Ni na fara karyewa, don hankalina na kan littafin bashi, ban ma lura na zuba duka a kan karta mai lamba biyu da mai bakwai ba, hannun da kowa ya san babu mafi muni. Ina tsaye a kan tukunyar dafa-duka ina kankarar ƙanzo aka ƙirga abin kowa. Ɗan Damagaram ne ya zo na ɗaya, bai ci zagaye ko guda ba. Maƙwabcin ya ce wannan ba poka ba ce, a soke. Shi kuwa ɗan Damagaram ya leƙo kicin ya ce min, "Malam akanta, mako mai zuwa kar ka canja komai a tsarin nan, ya yi daidai."