Da an ce "tsaron ƙasa" sai alƙali ya sunkuyar da kai?

A watan Oktoban 1948 wani jirgin yaƙin Amurka ƙirar B-29 ya faɗi kusa da garin Waycross a jihar Jojiya, mutum 9 suka mutu, 3 daga ciki injiniyoyi ne fararen hula da ke gwajin wasu na'urori na sirri. Matansu suka kai gwamnati ƙara, suka ce a ba su rahoton binciken hatsarin su san abin da ya kashe mazajensu, sojojin sama suka ce atafau ba za su bayar ba, wai akwai sirrin tsaron ƙasa a ciki. Alƙalin ƙaramar kotu ya yi abin da ya kamata duk alƙali ya yi, ya ce to ku kawo min ni kaɗai in karanta a ofishina, in da sirri zan gani. Suka hana shi, shi kuma ya ba matan gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tsaya a bayansa. Amma da magana ta je Kotun Ƙoli a 1953 sai ta rushe komai, alƙalai 6 suka rinjayi 3, kuma ba wanda ya buɗe takardar nan ya duba a cikinsu.

Wannan shari'a da ake kira ta Reynolds ita ce ke fara faɗo min a rai duk sanda na ji ana cewa kotu ita ce gatan mara gata. Gatansa ce, amma a shekarun da Amurka ta shiga zazzaɓin farautar 'yan kwaminisanci, kotun nan ta bar mutane a rana daidai lokacin da suka fi buƙatar inuwarta.

Ba wai ina cewa tsoron ba shi da tushe ba ne. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliyarta, a shekarar dai Mao ya karɓe ƙasar Sin, a Yunin 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke, ga Sanata Joseph McCarthy yana yawo yana cewa yana da sunayen 'yan gurguzu da suka cika ma'aikatar harkokin waje. Kuma da gaske akwai 'yan leƙen asiri, saƙonnin Sobiyet da aka warware a shirin Venona, waɗanda sai 1995 aka fitar wa jama'a, sun tabbatar da haka. To ai dama don irin wannan ranar aka ajiye alƙali, saboda lokacin da hankalin kowa ya tashi ana buƙatar mutum ɗaya da zai zauna ya ce wane ne ya aikata, me ya aikata, ina hujja.

Ku dubi shari'ar shugabannin jam'iyyar kwaminis 11 a birnin New York a 1949, wajen wata 9 ana yi a gaban Alƙali Harold Medina. An tuhume su da dokar Smith ta 1940, kuma ba a ce an kama su da bindiga ko bam ko sun sa ranar juyin mulki ba, laifin shi ne sun haɗa baki don koyar da aƙidar kifar da gwamnati da ƙarfi. Hujjar kuwa littattafan Marx da Lenin ne da ake sayarwa a shago, sai tsofaffin 'yan jam'iyyar da suka koma shaidun gwamnati, irin su Louis Budenz wanda ya gaya wa kotu cewa duk inda suka rubuta maganar lumana zaurance ne kawai, akasin haka suke nufi. Don Allah ta yaya mutum zai kare kansa a haka? In ka ce yaƙi an kama ka, in ka ce zaman lafiya an ce ƙarya kake. Mutum 10 suka samu shekara biyar-biyar, ɗaya shekara 3, kuma abin da ya fi tayar min da hankali, lauyoyinsu su 5 alƙalin ya aika su gidan yari bisa raina kotu, daga nan kuwa samun lauyan da zai yarda ya tsaya wa wanda ake zargi da kwaminisanci ya zama aiki ja.

A 1951 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a shari'ar Dennis, 6 da 2. Hugo Black da William Douglas ne kaɗai suka ƙi, Black ma ya rubuta cewa yana fatan in ƙura ta lafa, tsoro ya kwanta, wata kotu nan gaba za ta mayar da 'yancin faɗin albarkacin baki matsayinsa. Alƙali ne fa da bakinsa yake faɗin cewa tsoro ne ke aiki. Bayan hukuncin sai gwamnati ta bi sauran 'yan jam'iyyar sama da 100 da irin wannan tuhuma.

Maganar Julius da Ethel Rosenberg, miji da matar da aka tuhuma da ba Sobiyet sirrin bam ɗin nukiliya, ta fi zafi don a nan rai aka ɗauka. Julius ya yi wa Sobiyet leƙen asiri, wannan babu tantama, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Abin da ya fi ɗaure Ethel shi ne shaidar ƙaninta David Greenglass cewa ita ta buga bayanan a keken rubutu, kuma a 2001 shi da kansa ya fito ya ce ƙarya ya yi don ya tsare matarsa. Alƙali Irving Kaufman da zai yanke hukunci cewa ya yi laifinsu ya fi kisan kai muni, har ya ɗora musu alhakin yaƙin Koriya, abin da ba wanda ya kawo hujjarsa a gabansa. Douglas ya dakatar da kisan ranar 17 ga Yunin 1953, aka kira alƙalan Kotun Ƙoli daga hutu cikin gaggawa suka soke dakatarwar ranar 19, a daren nan aka kashe su a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing, suka bar yara biyu, ɗan shekara 10 da ɗan shekara 6.

Masu kare kotun za su ce ai ta gyara, kuma gaskiya ne, ranar 17 ga Yunin 1957 ƙarƙashin Babban Alƙali Earl Warren ta yanke a shari'ar Yates cewa koyar da aƙida daban, ingiza mutane su aikata daban, wanda hakan ya karya lagon dokar Smith. Na yaba, amma a duba lokacin, Stalin ya mutu tun 1953, an tsagaita wuta a Koriya, majalisar dattawa ta tsawata wa McCarthy a Disambar 1954, shi kansa ya mutu wata ɗaya da rabi kafin hukuncin. Ga wanda ya riga ya gama zaman kurkuku ko ya rasa aikinsa wannan ihu ne bayan hari. Ko a hakan ma da 'yan majalisa suka taso za su rage wa kotun iko, sai ga ta a 1959 ta ja da baya a shari'ar Barenblatt, ta tabbatar da ɗaurin wani malami da ya ƙi amsa tambayar majalisa kan kwaminisanci, 5 da 4.

Mu ma nan kalmar "tsaron ƙasa" ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, a 2018 Shugaba Buhari ya faɗa wa taron lauyoyi cewa tsaron ƙasa na gaba da bin doka, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni ra'ayina gwamnati na da haƙƙin ɓoye sirri, kuma ban ce a karanta shi a bainar jama'a ba, amma ba ta da haƙƙin ɓoye wa alƙalin da zai yanke hukunci a kai, domin wanda ake ƙara ba zai zama shi ne mai tantance hujjar da za a gani ba.

A shekarar 2000 'yar ɗaya daga cikin injiniyoyin nan ta samo rahoton hatsarin Waycross ta intanet bayan an cire masa takunkumin sirri. Babu bayanin na'urorin sirrin a ciki, abin da ke ciki shi ne inji ya kama wuta, kuma ba a yi wa jirgin gyaran kariyar zafi da aka ba da umarnin yi ba. Iyalan suka koma Kotun Ƙoli a 2003 suna roƙon a sake duba maganar, ta ƙi sauraronsu, kuma har yau lauyoyin gwamnatin Amurka da hukuncin Reynolds suke kafa hujja in suna so a rufe shari'a da sunan sirri.