Adon Fom ɗin Oga da Alƙaluman Shinkafa

Wani ofishin tattara alƙaluma ne a Birnin Kebbi, da hantsi. Oga yana zaune ya zuba wa kwamfuta ido, Malam Akawu yana tsaye a bayansa, Ɗan Hidimar Ƙasa kuma ya rakuɓe a bakin ƙofa.

Oga: Malam Akawu, ka matso ka gaya mini gaskiya, wannan farin abu da nake gani shi ne fom ɗin Excel da na kwana uku ina yi wa ado, na sa wa kan tebur kore, na ja wa kowace ƙaramar hukuma daga cikin 21 na jihar Kebbi layinta?

Akawu: Ranka ya daɗe, sunan fayil ɗin dai shi ne, amma kamannin sun tafi. Ni ma da na buɗe shi na ɗauka gonar da aka girbe ce.

Oga: Kai yaro, me ka yi wa fom ɗina?

Ɗan Hidima: Yallaɓai, kai ka ce in zuba sababbin alƙaluman shinkafa daga Stata, manhajar da muke ƙididdiga da ita. Na umarci manhajar ta fitar da su zuwa Excel, sai ta ce akwai fayil mai wannan suna, ni kuma na ƙara mata kalmar replace domin ta daina gardama.

Akawu: To ai ta daina.

Ɗan Hidima: Abin da ban lura da shi ba shi ne, wannan kalma tana ɗauke tsohon fayil gaba ɗaya ne ta ajiye sabo a gurbinsa, saboda haka launi da faɗin layuka da lissafin jimilla duk sun bi tsohon.

Oga: Wato na aike ka ka zuba hatsi a rumbu, kai kuma ka rushe rumbun ka tara hatsin a ƙasa.

Akawu: Allah ya huci zuciyarka, Yallaɓai. Ina da kwafin makon jiya a filashi, domin ni tun zamanin tafireta ba na buga takarda sai da kabon.

Oga: Madalla da tsohon hannu. To yanzu sai a kwafa alƙaluman da hannu ɗaya bayan ɗaya, ko da za mu kai magariba.

Ɗan Hidima: Ba sai an kai ga haka ba, Yallaɓai. Idan aka ce wa Stata modify, za ta buɗe fom ɗin yadda yake ta rubuta a ciki; idan aka haɗa da keepcellfmt, za ta bar wa kowane gida na tebur launinsa da tsarin lambarsa; sannan a gaya mata gidan da za ta fara, misali B5, domin kada ta hau kan sunan ofis da tambari. Masu aiki da manhajar ƙididdiga ta R ma haka suke yi da wani kayan aikinta mai suna openxlsx: su ɗauko fayil ɗin, su zuba lambobi, su mayar da shi.

Oga: Kif-sal me? Wannan suna ya fi kama da maganin tari. Gwada mu gani.

Ɗan Hidima ya karɓi kwafin da ke filashi, ya zauna ya danna. Oga ya gyara tabarau.

Oga: Koren ya dawo, alhamdu lillahi. Amma wane ne ya kafa darni a gidan Argungu? Ga ƙyaure-ƙyaure nan a jere inda lamba ya kamata ta zauna.

Ɗan Hidima: Lambar tana nan, Yallaɓai, gidan ne ya yi mata kaɗan, shi ya sa Excel ta cika shi da waɗannan alamomi na ####. Tunda mun ce a bar faɗin layin yadda yake, sai mu ja shi da hannu ya buɗe.

Akawu: Ni kuma wani abu ne ya ɗaure mini kai. Yaushe Birnin Kebbi ta koma noma irin na Aliero? Waɗannan alƙaluma na san su, na garin albasa ne.

Ɗan Hidima: Subhanallahi! Fom ɗin Oga an jera shi ne bisa masarautu, Gwandu, Argungu, Yauri, Zuru, ni kuma jerin da ke cikin Stata yana bin haruffa, Aliero a sama, Zuru a ƙasa. Manhajar ba ta karanta sunan da ke gefe, inda aka nuna mata take zubawa.

Oga: Da wannan takarda ta fita haka, da an ce mun ɗauke gonakin wata masarauta mun kai wa wata, kuma sa hannuna ne a ƙasa, ba naka ba.

Ɗan Hidima: Zan ba kowace ƙaramar hukuma lamba daidai da matsayinta a fom, in jera su a kan wannan lamba, in kuma tabbatar layi 21 ne cif, domin na 22 zai faɗa kan gidan jimilla ya shafe lissafin. Sai dai akwai roƙo ɗaya, Yallaɓai: a rufe fayil ɗin a Excel tukuna, saboda Stata ba za ta iya ajiye gyara a fayil da yake buɗe ba.

Oga: In rufe? Ran da na rufe shi na tafi sallar azahar, ai ka ga abin da na tarar. Malam Akawu, ɗauko kujera ka zauna ka tsare mini koren nan da idonka, shi kuma ya yi aikinsa a haka.

Ɗan Hidima: Yallaɓai, a haka ba za ta yarda ba.

Oga: To ka ƙara mata wata kalmar da za ta daina gardama, amma ban da ta rannan.