Kayan da ba a amfani da su, ba a kuma bayarwa

Asabar ɗin nan na buɗe ɗakin ajiyarmu a unguwar Zariya, raina ya ɓaci. Tsofaffin kwanonin Inna sun yi tsatsa, jarkoki a fashe, rediyon da ya mutu tun ina makarantar firamare, ga buhu biyu na tufafin yara da gara ta fara ci. Ɓeraye kuwa sun mai da wurin gidansu.

Na ce a fitar da su. Inna ta ce, "Ɗana, bar su, wata rana za su yi amfani." Wace rana ce wannan? Shekara nawa muna jiranta?

Abin da ya fi ƙona mini rai tufafin ne. Hunturu ya shigo, da asuba almajirai na rawar sanyi a ƙofar gidanmu, rigunan sanyi masu kyau kuma suna ruɓewa a cikin buhu. Da an bayar tun bara, da yanzu suna jikin wani yaro. Sai sun zama tsumma sannan a ce za a yi sadaka da su, wallahi wannan ba daidai ba ne.

Ƙarfen ma yana da masu so. 'Yan jari bola na zagayawa da kura, su auna su biya, maƙera su narkar da alminiyam su yi tukwane. Na roƙi Inna ta bar ni in fara da buhunan. Ta yarda da guda ɗaya, ɗayan yana nan.