Kafin a rufe ƙaramar tashar nan

Labari ya zo cewa za a rufe tashar jirgin ƙasan nan wai don fasinjoji sun yi ƙaranci. To wa zai zo, alhali jirgin ba ya tsayawa da sassafe, lokacin da ɗalibai da ma'aikata ke fita? A gyara lokutan tsayawarsa tukuna, sannan a ƙirga mutane.

Birtaniya ta taɓa bin wannan hanya. Rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasanta, na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000, aka rufe da yawa. Sai ga shi a 2015 an sake buɗe layin Borders na Scotland, wani ɓangare na layukan da aka rufe, bayan an kashe maƙudan kuɗi.

Wallahi tsofaffi da marasa mota nake tausayi. Asibiti fa a birni yake, da me za su je?