Yaron da ya take direba yana dariya

Daren jiya na tarar da ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, ya lafe a bayan ƙofa da wayar uwarsa yana buga wani gem, wato wasan bidiyo, mai suna GTA San Andreas. Na tsaya a kansa bai ma san na shigo ba. Ya tare wata mota a tsakiyar titi, ya finciko direban ya yar, ya shige ya ja. Direban ya tashi, sai yaron ya yi ribas ya bi ta kansa. Ya ɗago yana dariya ya ce, "Kawu, ka ga kuɗin da suka zubo?" Wallahi har na kwanta dariyar nan tana kunnena.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ɗan gidan ne. San Andreas ya fito a 2004, kuma da ya iso mana nan Gusau, kuɗin tarana kaf a wani shagon gem na Tudun Wada suke ƙarewa. Na'urar buga gem ta PlayStation 2 guda biyu, janareto yana ta ƙugi a waje, ga wata takarda da ta sha maiƙon hannu an rubuta lambobin sirri na samun kuɗi da makamai, muna karɓa hannu da hannu. Don haka na san daɗin abin, kuma na san ba harbin ne asalin daɗin ba.

Hanya ce daɗin. An ba ka birane uku, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, waɗanda aka kwaikwayo daga Los Angeles da San Francisco da Las Vegas na Amurka, ga ƙauyuka da hamada da dutse a tsakaninsu. Ka hau babur cikin dare, rana ta fito maka a wani gari. In ka shiga mota ka kunna rediyo. In ka ga dama ka ja tasi, ko motar asibiti, ko ta kashe gobara. Ka yawaita ci ka yi ƙiba, ka je motsa jiki ka saɓe. Akwai ranakun da ba na taɓa aikin da gem ɗin ya ba ni, yawo kawai nake yi har mai shago ya ce lokacina ya cika.

Yanzu ku dubi yaron Zamfara na yau. Tafiya Tsafe ma sai an duba agogo, uwa tana bugo waya tana tambaya ko an wuce. Hanyar Ɗansadau kuwa kowa ya san sai da rakiyar jami'an tsaro. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe mana, aka dakatar da kasuwannin mako. Akwai yaran da aka haifa a Gusau da ba su taɓa taka ƙauyen kakanninsu ba. Irin wannan yaron ka miƙa masa duniyar da zai fita ko'ina ba mai tare shi, yaya za a yi ba zai manne ba? Ni ban ga laifinsa ba.

Inda na rabu da gem ɗin shi ne yadda ya ɗauki ɗan Adam. Mutanen da ke tafiya a titunansa ba su da uwa ba su da 'ya'ya. Ka kashe mutum, kuɗi su zubo, taurari su fito a saman allo alamar 'yan sanda na nemanka, ka shiga garejin fenti a sauya wa motar launi, magana ta mutu. Kai ma in an kashe ka, a ƙofar asibiti za ka farka, an ɗan rage maka kuɗi. Mu kuwa mun san abin da ke biyo bayan tare mota a hanya. Mun zauna zaman makoki. Mun ga an sayar da gona da shanu an haɗa kuɗin fansa. A GTA V, wani ƙanen San Andreas ɗin, wanda ya fito a 2013 ya kuma tara dala biliyan ɗaya cikin kwana uku, akwai wurin da za a sa ka azabtar da mutum a ɗaure, ka cire masa haƙori da filaya da hannunka. Da na kai wurin ajiye abin na yi na fita waje, don akwai wanda na sani da ya dawo daga daji da tabon igiya a hannuwansa. Batun yadda ake nuna mata a ciki kuma, ba sai na faɗa ba.

Kada wani ya ce na ce gem ne ya haifar da 'yan bindiga. Waɗanda ke cikin dajin nan ba a gaban PlayStation suka tashi ba. Satar shanu, rikicin gona da burtali, yaɗuwar makamai da rashin adalci su suka kai mu nan. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ma ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar da ke ɗora aikata ta'asa a kan irin waɗannan wasanni. Damuwata ta fi wannan kusa da gida: yaro ya saba ganin wahalar mutum abin dariya ce, tun bai san mene ne mutuwa ba.

Su kansu Turawan da suka yi gem ɗin sun buga 18 a jikin kwalinsa, wato na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Amma tun da aka fitar da na waya a 2013, kwali ya ɓace. Mai tura fina-finai a bakin kasuwa zai zuba wa kowa, ba ya tambayar shekaru, uwa kuma ta ga mota tana gudu ta ɗauka tsere ne. Masu shagunan gem da masu turi, don Allah ku dubi fuskar wanda ya miƙo muku waya.

Da safe na zauna da yayata na nuna mata abin da ke ciki, ta yi ta salati. Mun goge shi, na sa masa ƙwallo da tseren mota. Ya yi fushi, ya ce ai a wancan yana zuwa duk inda yake so. Na yi masa alkawari ranar Asabar zan goya shi a babur mu zaga gari, mu je har bakin gulbi, mu dawo kafin magariba.